Golf a Watan Maris: Fotugal, Sifaniya, Turkiyya, Maroko ko Sikotilan?

Kuskuren farko da mai buga golf daga ƙasar Hausa yakan yi idan yana shirin fita waje a watan Maris, daga kalmar bazara yake tasowa. Kafofin yaɗa labarai sun saba kiran lokacin da ke biyo bayan sanyin Turai da sunan bazara, alhali mu bazararmu ita ce lokacin da zafin Kano yake kai digiri 37 ko fiye, ƙasa ta bushe ƙamas, ƙwallo ta faɗi ta yi ta gudu kamar an koro ta. Farkon bazarar Turai kuwa wutsiyar hunturu ce, hunturu mai ruwan sama, kuma a ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum ruwan shekara a lokacin sanyi yake sauka, sai a Afrilu da Mayu ya fara ɗaukewa. Wanda ya gudu daga zafin gida a Maris yana iya tarar da kansa a tsakiyar ƙarshen daminar wasu.

Wurare biyar ne aka fi rasa wanda za a ɗauka a cikinsu a wannan lokaci: yankin Algarve a kudancin Fotugal, gaɓar Costa del Sol a kudancin Sifaniya, garin Belek kusa da Antaliya a Turkiyya, Marakesh da Agadir a Maroko, sai kuma St Andrews a Sikotilan, wadda ba don yanayinta ake zuwa ba. Abin da zan tsaya a kai shi ne cewa adadin zafin rana da kamfanonin yawon buɗe ido suke bugawa a tallansu shi ne mafi ƙarancin amfani cikin duk abubuwan da ya kamata a duba, domin huɗun farko ba su fi digiri huɗu ko biyar tsakaninsu ba. Inda suka rabu da gaske shi ne yawan ruwa, da irin ƙasar da ruwan zai sauka a kai, da kuma makomar kuɗinka ranar da hadari ya haɗo.

Abubuwan da za a auna

Na farko shi ne sanyin sa'ar da za a fara bugu. Adadin da ake bugawa na tsakar rana ne, wajen ƙarfe biyu ko uku, amma a watan da filaye suke cike da baƙi, wanda bai kama gurbi da wuri ba yakan samu ƙarfe takwas na safe ne, lokacin da ma'auni yake kusa da digiri 9 ko 10. Wannan ya yi kama da asubahin Jos a tsakiyar hunturu, sai dai a can akwai laima a cikin iska da raɓa a kan ciyawa. A irin wannan sanyi ƙwallo ba ta tafiya nisan da aka saba, kuma idan ta faɗi a jiƙaƙƙiyar ƙasa nan take tsayawa, saboda haka wanda ya saba da gudun ƙwallo a Kano ko Kaduna a lokacin rani zai ga kusan kowane bugu ya gaza, har sai ya yarda ya koma sandar da ta fi wadda ya saba kai ƙwallo nesa da mataki ɗaya.

Na biyu shi ne ruwa da ƙasa tare, don ba a raba su. Filin da aka shimfiɗa a kan yashi yana iya shan ruwan dare guda a buɗe shi da safe, filin da ke kan laka ko a cikin kwari kuwa yakan yi kwana biyu yana caɓi bayan an ɗauke ruwan. Wannan shi ne ƙarkon fili, kuma shi ne abin da ba a rubutawa a talla. Na uku iska, wadda a bakin teku takan fi ruwa ɓata wasa. Na huɗu tsawon yini: a wajen 20 ga Maris dare da rana sukan yi kusan daidai a ko'ina cikin duniya, amma ƙasashen Turai suna tura agogo gaba da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Maris, abin da ke ƙara hasken yamma, yayin da Turkiyya ta daina taɓa agogonta tun 2016.

Sauran su ne kuɗi, da sauƙin isa, da haɗari. Ga mai fasfo na Nijeriya sauƙin isa ba ƙaramin abu ba ne. Fotugal da Sifaniya suna ƙarƙashin bizar Shengen, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 tun Yunin 2024, ana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma ko da yake ƙa'ida ita ce a ba da amsa cikin kwana 15, ana iya kai wa kwana 45. Doka ta yarda a nema tun wata shida kafin tafiya, saboda haka mai nufin Maris ya fara neman ganawa tun Nuwamba. Sai kuma azumi, wanda a 'yan shekarun nan yake cin karo da wannan wata: a 2025 ya cinye kusan Maris gaba ɗaya, a 2026 ya kama kusan kwana ashirin na farko, a 2027 kuma kwana takwas ko tara ne kawai, tunda kowace shekara yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya.

Ga kimanin adadin watan Maris bisa matsakaicin shekaru masu yawa, zafi a ma'aunin Salshiyas, ruwa a milimita:

| Wuri | Zafin rana | Sanyin dare | Ruwan wata | Farashi a Maris | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Algarve | 19 | 10 | 40 | mafi tsada a shekara | iska da guguwar Atlantika |
| Costa del Sol | 19 zuwa 20 | 10 | 50 | mai tsada | ruwa a kan tudu da laka |
| Belek | 18 zuwa 19 | 8 | 90 zuwa 100 | matsakaici, a dunƙule | ruwa mai ƙarfi |
| Marakesh | 23 | 10 | 35 | mai sauƙi | sanyin safiya |
| Agadir | 22 zuwa 23 | 11 | 30 | mai sauƙi | hazon teku da safe |
| St Andrews | 9 | 2 | 45 zuwa 50 | mafi araha a shekara | jaura, ƙanƙara da iska |

Algarve

Sunan yankin daga Larabci ya samo asali, wato al-Garb, yamma, tun zamanin da Musulmi suka mallaki Andalus. Akwai filaye kusan arba'in a jere a gaɓar teku, yawancinsu ba su wuce awa ɗaya a mota daga filin jirgin saman Faro ba, kuma mafi shahara sun taru ne a tsakanin Vilamoura da Vale do Lobo da Quinta do Lago. A kan takarda nan ne ya fi ƙarancin ruwa cikin wuraren Turai uku, kuma a shekara mai kyau mutum yana iya yin mako guda bai buɗe laima ba, rana tana haske, iska mai sanyi-sanyi tana fitowa daga cikin itatuwan fayin.

Matsalar ita ce Algarve tana fuskantar Tekun Atlantika kai tsaye, kuma ruwanta ba ya rarrabuwa daidai a tsakanin shekaru. Milimita 40 ɗin nan matsakaici ne na Maris ɗin da ba a ga ɗigo ba da Maris ɗin da aka yi ta tafka ruwa. Na 2018 da na 2025 duk sun zo da jerin guguwa ɗaya bayan ɗaya a Fotugal da Sifaniya, waɗanda suka yi mako a can a lokacin sun fi zama a otal fiye da tsayuwa a fili. Irin ƙasar ma ta bambanta. Filayen tsakiya irin su Old Course na Vilamoura, wanda aka buɗe a 1969, da South Course na Quinta do Lago, na 1974, suna kan ƙasa mai yashi, suna shanye ruwa da sauri. Penina kuwa, wanda Henry Cotton ya zana aka buɗe a 1966 a matsayin fili mai rami 18 na farko a yankin, a kan tsohuwar fadamar shinkafa aka gina shi, kuma duk wanda ya san fadama ya san abin da hakan ke nufi bayan ruwan kwana biyu. Yammacin yankin, daga Lagos ta Fotugal zuwa Sagres, ya fi iska nesa ba kusa ba.

Ta fuskar kuɗi, Maris zuwa Mayu shi ne kakar masu filaye. 'Yan Birtaniya da Jamus da ƙasashen arewacin Turai, waɗanda filayensu suka yi wata huɗu a jiƙe, a lokacin suke kwararowa. Fili mai kyau yakan kama daga yuro 80 zuwa 200 a zagaye guda, Monte Rei da Jack Nicklaus ya zana a gabashin yankin kuma ya wuce haka. Cunkoson yana sa zagayen da ya kamata ya ɗauki awa huɗu ya kai biyar. Babu jirgi kai tsaye daga Nijeriya zuwa Faro, dole a sauya a wani birni, kuma kowace sauyawa ƙarin dama ce ta jakar sanduna ta yi ɓatan kai. Naman halal yana buƙatar bincike, amma kifi ya wadata, gasasshe da gishiri kawai, wanda ya ishi mutum mako guda ba tare da ƙorafi ba.

Costa del Sol

Daga Malaga zuwa Sotogrande, kusa da Jibralta, akwai filaye kusan saba'in, abin da ya sa hukumomin yankin suke kiran gaɓar Costa del Golf a allunan hanya. Zafinta da na Algarve kusan ɗaya ne, duwatsun da ke bayan Marbella ma suna tare mata iskar arewa, sai dai yankin ba yanayi ɗaya gare shi ba. Duk yadda aka matsa yamma wajen Jibralta ruwa yana ƙaruwa, kuma a can ne manyan filayen suke: Valderrama, wanda ya karɓi gasar Ryder Cup ta tsakanin Turai da Amurka a 1997, karo na farko da aka buga ta a wata ƙasar Turai da ba Birtaniya ba, Seve Ballesteros yana jagorantar tawagar Turai, da Real Club Sotogrande na 1964, da Finca Cortesín, inda aka buga Solheim Cup, takwararta ta mata, a 2023. Iskoki biyu ne suke mulkin wannan kusurwa. Levante tana fitowa daga gabas da laima da gajimare, takan yi kwanaki tana kaɗawa, Poniente kuma daga yamma take, ta fi bushewa da haske. Rami ɗaya yana iya neman sanda daban da ta jiya har da tazarar biyu ko uku saboda iska ta juya.

A nan ne na koyi darasin da ya sa nake dagewa a kan batun ƙasa. Wata shekara mu huɗu muka biya kuɗin zagaye uku tun daga gida a wani fili da ke kan tudu a bayan gaɓar. Aka kwana ana ruwa, da safe aka ɗauke, muka isa da murna. Ma'aikacin da ke kan teburi ya nuna mana wani ɗan allo a jikin ƙofa: fili a buɗe yake, amma an hana ƙananan motocin fili shiga don kada su farfasa ciyawa. Filin kuwa hawa da gangara ne tun daga rami na farko, kuma babba a cikinmu ya haura sittin, gwiwarsa ba ta ɗaukar tudu. Da muka nemi a mayar mana da kuɗi, sai aka ce ƙa'ida ita ce sai an rufe fili a hukumance. Dattijon ya zauna a shagon shayi da jaridar da ba ya iya karantawa, mu uku muka ja jaka a cikin caɓi har rami na tara muka haƙura. Wannan ƙa'ida ta zama ruwan dare a Sifaniya da Fotugal, don haka kafin a biya a tambaya a rubuce abin da zai faru idan an hana mota, ba idan an rufe fili kaɗai ba.

Akwai abu ɗaya da ba zai zama baƙo gare mu ba. Wani lokaci iskar kudu takan kwaso ƙurar Sahara ta tsallaka da ita, Sifaniyawa suna kiranta calima. A tsakiyar Maris na 2022 ta rufe kudancin ƙasar har sama ta koma ja, ruwan da ya biyo baya ya sauko da laka ya ɓata farin bangon gidaje. Ɗan Kano zai ga hazon hunturu ne kawai ya biyo shi. Farashi yana da faɗi a nan fiye da ko'ina, daga filayen yuro 60 ko 70 har zuwa Valderrama da ya haura yuro 400, kuma makon Ista, wanda ya faɗo 5 ga Afrilu a 2026 da 28 ga Maris a 2027, yana ɗaga kuɗin otal ya cushe hanyoyin Malaga. Sallah da abinci sun fi sauƙi a nan fiye da Algarve, domin akwai masallacin Sarki Abdul'aziz a Marbella tun 1981, da gidajen abincin 'yan Maroko da yawa.

Belek

Wanda ya duba teburin nan zai ga ruwan Belek ya ninka na Algarve, ya yi niyyar tsallake shi. Gaskiya ne Antaliya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sanyi a gaɓar Bahar Rum, domin duwatsun Taurus suna tare gajimaren da ya taso daga teku, Disamba da Janairu kowanne yakan haura milimita 200. A Maris ya ragu da fiye da rabi, a Afrilu ya sake raguwa da kusan rabi, saboda haka babu inda jinkirta tafiya da mako biyu yake da riba kamar nan. Amma ruwan yakan zo ne da ƙarfi da tsawa ya wuce, ba yayyafin yini guda ba, kuma filayen Belek a kan tudun yashi da dajin fayin aka gina su. Fili yana iya zama tafki da hantsi, a buga a kansa da la'asar.

Abin da ya fi rage haɗarin shi ne tsarin wurin. Filaye fiye da goma suna jere a tazarar 'yan mintoci da juna: National, wanda shi ne na farko a 1994, da Cornelia na Nick Faldo mai rami 27, da Carya, da Montgomerie Maxx Royal, da Lykia Links can gefen teku. Carya da Montgomerie suna da fitilu, har ma gasar Turkish Airlines Open ta 2019 a ƙarƙashin fitilun Montgomerie aka kammala ta, Tyrrell Hatton ya yi nasara bayan bugun raba gardama na mutum shida. Ma'anar wannan ga baƙo ita ce safiyar da ruwa ya cinye ana iya rama ta da yamma ko da dare. Ga mai azumi kuma dama ce ta buga rami tara bayan shan ruwa, ko da yake daren Maris a can yana neman rigar sanyi mai kauri.

Kuɗi a dunƙule ake biya, otal da abinci da zagaye uku ko huɗu da motar kaiwa fili, saboda haka mutum ya san iyakar abin da zai kashe tun kafin ya bar gida, abin da ba ƙarami ba ne ga wanda yake canjin naira. Jirgin Turkish Airlines yana tashi daga Abuja da Legas zuwa Santambul, daga can awa ɗaya da 'yan mintoci zuwa Antaliya, sai kimanin rabin awa ko fiye kaɗan a mota. Naman halal ba abin tambaya ba ne. Abin da zan faɗa a kan Belek shi ne cewa ba gari ba ne, jerin manyan otal ne, kuma a Maris ruwan teku ya yi sanyin da ba a shiga. Ranar da ba a yi wasa ba, sai dai a je Aspendos a ga tsohon dandalin Rumawa, ko a shiga tsohon garin Antaliya.

Marakesh da Agadir

Idan tambayar ita ce ina ne mutum ya fi tabbacin zai buga duk zagayen da ya biya, amsar Maroko ce. Marakesh tana cikin ƙasa, nesa da teku, a tsayin kimanin mita 460, a gindin duwatsun Atlas, ruwanta kaɗan ne kuma ba ya daɗewa, iskarta busasshiya ce irin wadda jikinmu ya sani. Akwai filaye fiye da goma a kewayen birnin, daga Royal Golf mai kusan shekara ɗari, wanda yake cikin inuwar manyan itatuwan turare da lemo, zuwa Amelkis da Al Maaden da Assoufid, wanda aka buɗe a 2014 a cikin fako. Filayen birnin da yawa da tsaftataccen ruwan kwatami ake ba su ruwa, saboda fari ya daɗe yana damun ƙasar.

Busasshiyar iska tana da nata sharaɗi, wanda duk ɗan Sahel ya sani: zafin rana ba ya kwana. Tazarar digiri 13 ko fiye tsakanin asuba da azahar abu ne na kullum. Na taɓa tsayawa a wurin bugun farko da ƙarfe bakwai da rabi da riga mai gajeren hannu, saboda na ga digiri 24 a waya, yatsuna suka ƙi riƙe sanda. Kadi ɗin da aka haɗa ni da shi, wato mai ɗaukar jaka, yana cikin jallabiyar ulu har da hula, ya dube ni ya nuna min kudu da haɓarsa, inda dusar ƙanƙara ta yi fari fat a kan Atlas, bai ce komai ba. A rami na shida na daina rawar ɗari, a na sha biyu ina neman inuwa. Maganin abin shi ne riga biyu ko uku marasa kauri da za a riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya, da neman gurbin ƙarfe tara zuwa goma.

Agadir tana bakin Atlantika, sanyin safiyarta bai kai na Marakesh ba, ruwanta ma ya fi ƙaranci, sai dai hazon teku yakan kwanta da safe har wajen hantsi, iska kuma ta taso da yamma, musamman a Tazegzout da ke kan tudun Taghazout yana kallon teku. Golf du Soleil da Golf de l'Océan suna kusa da gari a kan yashi. Marakesh ta fi yawan filaye da abin gani, Agadir ta fi natsuwa.

Zagaye a yawancin filayen Maroko yana kamawa daga abin da ya yi daidai da yuro 50 zuwa 100, sai ladan kadi a kai, masauki kuma akwai na kowane aljihu. Royal Air Maroc yana zuwa Kasabalanka daga Legas da Abuja da Yamai, daga can jirgin ƙasa yana kai wa Marakesh cikin kimanin awa uku. Mai fasfo na Nijeriya yana buƙatar biza. A lokacin azumi ƙasar takan mayar da agogonta baya da awa ɗaya sannan ta dawo da shi bayan sallah, saboda haka a tabbatar da lokacin bugu da na jirgi da agogon da ake kai a ranar. A tuna kuma cewa kadi yana azumi yana ɗauke da jaka rami goma sha takwas. Ba a ce Maroko ba ta ruwa ba, Maris na 2025 ya jiƙa ta sosai bayan shekarun fari, amma yiwuwar a rasa kwana uku a jere ta fi ƙanƙanta a nan.

St Andrews

Ba a kwatanta St Andrews da sauran ta fuskar jin daɗin jiki. Digiri 9 da rana tare da iskar Tekun Arewa yana sauka a jiki kamar 3 ko 4, ana jinkirta buɗe fili idan raɓa ta daskare a kan ciyawa, kuma a ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018 dusar ƙanƙara ta tsayar da harkoki a gabashin Sikotilan na kwanaki. Abin mamaki shi ne ruwanta bai fi na Malaga ba, domin gabashin ƙasar ya fi yammacinta bushewa, ƙasar kuma yashin bakin teku ce da ba ta riƙe ruwa. Yini yana ƙaruwa da sauri: a farkon wata rana tana faɗuwa kafin ƙarfe shida, a ƙarshensa bayan an tura agogo tana kai wa kusan takwas.

Dalilin zuwa shi ne Old Course, shahararren tsohon filin garin, inda aka tsayar da adadin rami 18 a 1764. A tsakiyar shekara kuɗin zagaye ya haura fam 300 kuma samun gurbi sai mai rabo, a Maris kuwa kuɗin yana ƙasa sosai, ƙuri'ar da ake shiga kwana biyu kafin ranar wasa ma ta fi sauƙin faɗowa a kan mutum. Sharuɗɗan su ne: daga Nuwamba zuwa Maris a kan 'yar tabarmar roba ake buga ƙwallon da ta faɗi a tsakiyar fili don a kare ciyawa, ana neman shaidar handikaf, wato adadin da ke nuna matakin ɗan wasa wanda yake raguwa idan an ƙware, da bai wuce 36 ba, filin a rufe yake ranar Lahadi, kuma wasu maƙwabta irin su Kingsbarns sukan rufe a lokacin sanyi. Ana buƙatar bizar Birtaniya, da jirgi zuwa Landan sannan Edinbura, da kayan ruwa da na sanyi na gaske, waɗanda gara a saye su a can.

Wa ya dace da ina

Wanda yake da mako ɗaya tak na hutu a farkon Maris, kuma babban burinsa ya buga kowace rana, ya nufi Marakesh, ko Agadir idan ba ya son hayaniya, ya nemi gurbin hantsi. Wanda tafiyarsa ta faɗo cikin azumi, zaɓinsa tsakanin Maroko da Belek yake, kuma fitilun Belek sun ba shi fifiko idan yana son wasa bayan shan ruwa. Ayarin abokai da suke son su san jimillar kuɗi tun daga gida, ko mai tafiya da iyali, Belek ya fi musu, amma su matsa zuwa makon ƙarshe na Maris ko farkon Afrilu. Wanda ya riga ya mallaki bizar Shengen kuma ingancin fili ya fi damunsa fiye da kuɗi, ya ɗauki tsakiyar Algarve, ya zaɓi filayen yashi, ya bar kwana ɗaya babu wasa a cikin makon don ramuwa. Mai ƙaramin handikaf da yake son gwada kansa a inda aka buga manyan gasa, Sotogrande ce tasa, ya kauce wa makon Ista, kuma idan akwai dattijo a cikin tafiyar a guji filayen tudu. St Andrews a Maris ta dace da wanda wata hidima ta riga ta kai shi Birtaniya, yana da kwana uku ko huɗu da zai iya shiga ƙuri'a fiye da sau ɗaya, kuma ya yarda ya buga a New ko Jubilee, wasu filayen na garin, a ranar da sunansa bai fito ba.